Gwaggo Delu Ta Tafi Ba Ta Taɓa Ni Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha takwas ga watan Safar na shekara ta 1447, wato sha biyu ga Agustan 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Hajiya Delu mai tausa a ɗakinta da ke Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Ta haura tamanin, amma ba wanda zai ce da nawa, domin ita kanta ba ta taɓa damuwa da ƙirgawa ba. An yi mata sutura kafin magariba, ana yayyafi. Ƙanwar mahaifina ce. Ni ce Sa'adatu, 'yar Malam Yakubu na Kusfa, mai aikin gashin ƙashi a asibiti, wadda matan unguwa suka yi ta nunawa da baki a wurin zaman makoki.

An hore mu da mu ambaci mamatanmu da alheri, kuma zan ambace ki da shi, Gwaggo, don kina da shi fiye da abin da takarda za ta ɗauka. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba yanzu da kike inda ƙarya ba ta da amfani. Da fushi na ɗauki alƙalamin nan. Ina fushi da waɗanda suka cika gidanki da kuka alhali su suka guje ki kina raye. Ina fushi da wani malamin jami'a da zan zo kansa. Ina fushi da kaina. Kuma ina fushi da ke, domin shekara goma sha huɗu kika yi ba ki ɗora hannunki a jikina ba, kika kuma rantse a gabana cewa aikin da ke hannun nan da shi za a binne ki. Da aka ɗaga makararki abin da ke raina ke nan: sana'ar da kika gada wurin kakarki ce ake fita da ita, kuma ni ce sila.

Bari in fara daga inda na fara sanin ki. Ina da shekara tara, ranar layya, Bahago mahauci yana feɗe ragon gidanmu a tsakar gida, kika kama ni a wuyan hannu kika ja ni har gabansa. Kika ce ya dakata. Kika sa yatsa a ƙarƙashin wani farin abu mai sheƙi da ya lulluɓe naman cinya, kika ɗaga shi, ya taso kamar yanar da ke kan kunu, sai dai shi ba ya tsagewa. Kika ja shi daga can ƙasa wajen kofato, kika ce in dubi sama wajen kwankwaso. Na duba, na ga naman wurin ya motsa.

"Tantani ke nan," kika ce. "Daga kai har ƙafa ɗaya ne, ba inda ya yanke. Allah bai yi mu gunduwa-gunduwa ba. Mahauci ne mai gunduwa."

Bahago ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai mu karnuka muke jefa wa." Kika ce masa shi ya sa ya tsaya a fawa.

A kan wannan tantanin kika gina duk aikinki. Mace za ta zo da ciwon wuya, irin masu ɗinkin hular nan da ke wuni a sunkuye, tana nuna miki ƙeya, ke kuma ki ce ta kwanta rub da ciki ki kama mata tafin ƙafa. Wata ta zo da ciwon ƙugu, ki tafi neman tabon da ke cikinta. Ba kya murza da ƙarfi irin na masu ganin sai mutum ya yi ƙara aiki ya yi. Ba kya ma farawa da mai. Babban yatsa kike kafawa a busasshiyar fata, ki ɗan tura gefe guda har ki ji ya cije, sai ki tsaya. Kina iya yin tsawon karatun Fatiha uku ba ki motsa ba, kina wani ɗan gunaguni a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne, ba kuma addu'a ba. In an tambaye ki me kike yi, ki ce jira kike. Sai wurin ya saki kike yin gaba, sai kin gama kuma man kaɗe yake fitowa daga gwangwani.

Bakinki ba shi da daɗi, wannan kowa ya sani, kada wani ya zo yau ya ce min mai sanyin magana ce aka rasa. Kin sha gaya wa matar alhaji a kan idonta cewa ba ciwo ke damunta ba, zama ne. Amma matan ƙauye da ke shigowa da itace da daddawa a ka, waɗanda wuyansu ya nutse cikin kafaɗa, ba wadda ta taɓa fita ɗakinki da yunwa. Kunun tsamiya na kan murhu tun safe dominsu. Mai jegon da mijinta ya yi tafiya, ke kike bin ta har gida kwana arba'in ba fashi. Kuma kin san iyakarki. In ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon baya ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙashi ya karye, cewa kike, "Wannan ba nawa ba ne," ki sa a kai mutum asibiti, wani lokaci ki raka har bakin titi. Ba ki taɓa yin ɗori ba a rayuwarki. Na san wannan sarai, kuma sanin nan ne ya sa laifina ya fi na kowa.

Sana'ar tana da ƙa'ida guda, da ita kakarki ta koya miki. Ba a koyon ta da kallo, ba a koyon ta da tambaya. Wadda za a ba wa sai ta tuɓe ta ɗaura zani, ta kwanta a tabarma, a bi jikinta daga tafin ƙafa har ƙeya, zama bakwai, ba ta ce uffan ba. Kina cewa wadda ba ta ji yadda tantani ke saki a jikinta ba, ba za ta gane shi a jikin wata ba, sai dai ta yi ta danna mutane kamar mai kwaɓa fulawa. Bayan zama bakwai ne hannunta ke hawa kan naki. 'Ya'yanki duka maza ne, don haka tun ranar ragon nan kowa a dangi ya san ni kika zaɓa. Kika ce sai na girma na haihu, jikina ya san wahala.

Saboda ke na karanci gashin ƙashi, ban taɓa gaya miki ba. Amma a ɗakin da ake koya mana sassan jikin mutum, tantanin nan naki shi ake fara kankarewa a zuba a bokiti don a ga tsoka da kyau. An koya mana tsoka ɗaya bayan ɗaya da sunanta, daga ina ta taso, a ina ta ƙare, wato dai gunduwa-gunduwa. Na fito da farar riga, kai a sama. Na yi aure, na haihu, kika aiko a ce min tabarma na jira. Na ce a gaya miki sai na samu lokaci. Ba ki sake aikowa ba, domin ke sau ɗaya kike magana.

Sai shekarar 2011. Aka kawo mana wani manomi da wani mai ɗori ya ɗaure wa hannu tamau da karare har hannun ya ruɓe, aka yanke shi daga gwiwa. Na ga hannun da idona, kuma har yau ban janye fushin da na yi a kansa ba. A makon aka gayyace ni wani shirin lafiya a rediyo. Na yi magana da zafi, na haɗa masu ɗori da masu sakiya da masu tausa na yi musu kuɗin goro, na ce nakasa mutane suke yi. Mai gabatarwa, da yake ɗan gari ne, ya yi 'yar dariya ya ce, "Har da gwaggonki ta Limancin Kona?" Da shiru na yi ma ya wadatar. Amma ina gudun a ce na yi son kai, sai na ce, "Har da ita. Mai kama ƙafa don ciwon wuya bai san jikin mutum ba."

Magana zarar bunu ce. An ce min rediyonki na kunne a kan taga, kuma akwai mace a ƙarƙashin hannunki a lokacin. Ba ki kashe rediyon ba, ba ki kuma ɗaga hannu ba sai da kika gama mata.

A nan zan juyo gare ku, magidantan unguwa, ku da kuka yi sahu ranar Talata kuna cewa an yi rashin uwa. Shekara talatin tana tayar da matanku daga jego, kun gani da idonku. Amma magana ɗaya ta 'yar boko a rediyo ta ishe ku ku hana matanku taka ƙofarta. Wani cikinku har aikawa ya yi a gaya mata kada ta ƙara shiga gidansa, bayan ita ta miƙar da mahaifiyarsa da ta yi wata biyu ba ta iya ruku'u. Na hango shi ranar uku a ƙofar gida yana share ido da hannun riga. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ni na faɗi ƙaryar, ban musa ba, amma ku kun san ƙarya ce kuka karɓa, domin kunyar a ce matarka na zuwa wurin tsohuwa ta fi muku ciwon matar nauyi. Matan ƙauye ne kawai ba su daina zuwa ba, su da ba su da wanda za su burge.

Da na zo gaishe ki bayan mako guda, Gwaggo, na yi sallama kika amsa cikakkiya. Na durƙusa na miƙo hannu. Kika mayar da naki biyun cikin mayafi.

"Sallama haƙƙinki ce, na ba ki," kika ce. "Hannu kuwa nawa ne. Tunda nakasa mutane yake yi, ba zan nakasa 'yar yayana ba. Wallahi da abin da ke cikinsa za a binne ni."

Kuma kika riƙe. Nan ne nake da magana da ke. Kin san hukuncin gaba a addini, shi ya sa kika yi mata dabara: ba ranar da kika ƙi amsa gaisuwata, ba wanda zai ce kin ƙaurace min, amma ba ki ƙara taɓa ni ba. Na haifi autata, kika zo suna, kika jira sai da na kwantar da ita a gado sannan kika ɗauka, don kada ki karɓe ta daga hannuna. Ranar da mahaifina ya rasu, yayanki uwa ɗaya uba ɗaya, duk matan gidan sun rungume ni, ke kika zauna a gefena har magariba hannuwanki a cinya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ke kika yanke. Wannan ba mutunci ba ne, taurin kai ne, kuma na gane shi don irinsa ne a wuyana. Ni ma ban buɗe baki na ce ki yafe min ba. Ina jiran ki sauko, kina jiran in sauko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ana haka duniya ta juyo ta same ki inda kike zaune. Takardun bincike suka fara iso mana daga ƙasashen waje a kan abin nan da muke zubarwa a bokiti. Masu binciken suka ce shimfiɗa ce da ta naɗe tsoka da ƙashi da kayan ciki, tana haɗa wannan da wancan. Suka ce cike take da ƙananan jijiyoyi masu jin ciwo, ba matacciyar leda ba ce kamar yadda muka ɗauka. Suka ce hawa-hawa ce, kuma a jikin mai lafiya kowane hawa yana zamewa a kan ɗan'uwansa. Wasu suka haska bayan masu daɗaɗɗen ciwon baya da na'urar sikanin, suka ga zamewar ta ragu. Suka yi magana a kan tabon tiyata da ke kama abin da ke ƙarƙashinsa. Ina zaune a ofis ina karantawa, ba abin da nake gani sai cinyar ragon nan da yatsanki a ciki.

Kada ki ɗauka komai kika canka, don ko kina kwance ba zan bar miki gardamar ba. Ke kina cewa yatsanki ne ke miƙar da tantani. Masu auna ƙarfi sun ce mai kaurin cikinsa ya fi ƙarfin hannun mutum, ko na ɗan dambe ne. Sun fi zaton jijiyoyin da ke ciki ne ke jin hannun, su sa jiki ya saki. Kama ƙafa don ciwon wuya kuwa, har gobe ana ja-in-ja a kansa, kuma masu gaskiya cikinsu sun ce hujjar ba ta kai a yi rantsuwa ba. Amma tsakanin wadda ta kuskure dalili da wadda ta zubar da abin a bokiti, na san wadda ta fi kusa.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in zo in durƙusa in ce na yi kuskure, in koma rediyon in faɗa. Ban yi ba. A 2021 na zo miki da Dakta Zaharaddini, wani malamin jami'a da ke neman abin rubutawa a kan tantani, da ƙaramar na'urar sikanin, da waya mai ɗaukar hoto, da takardar da za ki dangwala wa yatsa. A raina wannan shi ne ban haƙurin, wai ga ilimi ya zo har gidanki. Shi ya tsaya a zaure tunda namiji ne, ni na shiga da kayan, sanye da farar rigata.

Wadda na tarar a tabarma na san ta. Fa'iza ce, mai sayar da daddawa daga wani ƙauye a bayan Ƙofar Kona, mace mai kimanin shekara arba'in. Wata biyar kafin nan ta zo wurina a asibiti da ciwon ƙugun da ya kama ta tun da aka yi mata tiyatar haihuwa. Hoton ƙashinta ya fito lafiya lau, na ce mata ba abin da ke damunta, na miƙa mata takardar motsa jiki, ita da ba ta yi boko ba. Ga ta nan kwance rigingine, yatsanki a gefen tabon da ke ƙasan cibiyarta, kina jira. Kuka yarda in ɗauki hoto, ke da ita.

Na kunna waya na fara. Me ya sa nan? Minti nawa kuke tsayawa? Da me kuke gane ya saki? Kika ci gaba da aikinki har tambaya ta biyar ko ta shida. Sai kika ɗago kika dube ni, irin kallon da rabona da shi shekara goma.

"Cire rigar nan ki kwanta," kika ce. "Kya ji da kanki."

"Gwaggo, ku yi haƙuri, Dakta na jira a zaure. Ku dai yi mana bayani."

Kika mayar da kai ga tabon. Kika gama da Fa'iza, kika shafa mata man kaɗe, kika naɗe tabarma kika jingine ta a bayan ƙofa. Sai da na kai gida, ina cire takalmi, na gane abin da ya faru. Matar da ta yi rantsuwa ta yarda ta karya ta saboda ni, ta buɗe ƙofar da ta rufe shekara goma, ni kuma na ce mata wani na jira a zaure. Kunya ta hana ni komawa washegari. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, ina satar kallon tabarmar a bayan ƙofa, ina jiran ki sake faɗa. To ke ma, Gwaggo, me zai ragu a jikinki in kin maimaita? Kalma huɗu ce ko biyar. Kika gwammace mu yi shekara huɗu muna tambayar juna ya gida ya yara.

Shi kuwa Dakta Zaharaddini bai yi asarar zuwansa ba. Ya karɓi hoton da na ɗauka, ya cire muryarki ya bar hannuwan, ya yi ta yawo da su daga wannan taro zuwa wancan. A rubutunsa sunanki wata tsohuwa a arewacin Nijeriya. Da na yi masa magana ya ce ƙa'idar bincike ce a ɓoye suna. Ƙa'idar ba ta hana shi rubuta nasa da manyan baƙaƙe a allon wurin tausar da ya buɗe a Gyallesu ba, inda mazan da suka hana matansu zuwa wurinki suke sauke su da mota yanzu, don an rubuta abin da Turanci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar uku ya zo da babbar riga ya ce wa ɗanki Bashir an yi rashin taska. Dakta, in wannan takarda ta iso gare ka, taskar da ko fuskarta ba ka taɓa gani ba tana da suna: Delu, 'yar Malam Sadiƙu na Limancin Kona. Ka rubuta shi da hannunka, ko ni in rubuta maka shi a inda ba za ka so ba.

Bayan ƙaramar sallar bana ɓarin jikinki na dama ya shanye, baki ya tafi tare da shi. Aikina ke nan, shi nake yi wa baƙi kullum. Na zo zan ɗaga miki hannun, kika sa na hagu kika janye shi. Sai wata abokiyar aikina na turo. Wata Juma'a da ɗakin ya zama daga ni sai ke, na ɗauko tabarmar daga bayan ƙofa na shimfiɗa a gaban gadonki, na ce, "Gwaggo, ku yafe min. Ga ni, na zo in kwanta." Kika dubi tabarmar, kika dubi hannunki da ke yashe a kan zani kamar ba naki ba, kika juya fuska bango. Ihu bayan hari na yi. Ban taɓa jikinki ba sai ranar da aka zuba miki ruwan ƙarshe, lokacin da ba ki da ikon janyewa. Na wanke hannuwan nan yatsa bayan yatsa, ina cewa a raina shi ke nan, ta cika rantsuwarta.

Ranar sadakar uku da yamma, mutane sun ragu, na shiga ɗakinki na tarar da wata mata ta ɗauki tabarmar ta maƙale a hammata. Ko fuskarta ban duba ba na daka mata tsawa, na ce ƙasar kabari ba ta bushe ba har an fara ɗibar kaya? Ta juyo. Fa'iza ce. Bashir ya leƙo da sauri ya ce, "Sa'a, ƙyale ta. Tun Iya na da baki ta ba ta."

A nan na ji sauran labarin. Ranar da na zo da waya, ina fita kika ce wa Fa'iza ta dawo jibi, ba don ƙugunta ba. Ta yi zama bakwai. Daga nan duk ranar da ta shigo gari da daddawa sai ta biyo, hannunta a kan naki, har ciwo ya kwantar da ke. Bashir ya ce a makon farko kin sa an dafa tuwo an raba wa mabuƙata goma ba ki faɗi dalili ba, sai daga baya ya gane kaffarar rantsuwa ce.

"Ta bar miki saƙo, Likita," in ji Fa'iza. "Ta ce in kin zo da takarda ko waya, in ba ki ruwa ki sha ki koma. In kin zo haka nan, in shimfiɗa miki. In kika ce me ya sa, in naɗe."

Na so in ce murna na yi. Ban yi ba. Baƙin ciki na yi. Duk matan Zariya ki rasa wadda za ki sa in kwanta a gabanta sai wadda na sallama da takardar da ba ta iya karantawa? Na san da gangan kika yi. Kwana huɗu ina kumbura. Na ce wa maigidana ba za ni ba. Ya ce to kada in je, in zauna in jira wani ya rubuto min daga ƙasar waje.

Washegarin bakwai na bar farar riga a rataye, na bar waya a kan firji, na fita ta Ƙofar Kona da hantsi. Na tarar da Fa'iza tana shanya kalwa. Ta wanke hannu, ba ta ja gaisuwa ba, ta miƙo min zani. Tabarmar na nan da ƙamshin man kaɗenki. Na kwanta rub da ciki a ɗakin ƙasa, ni da na yi shekara ashirin da biyu ina tsaye a kan mutane.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara shida ke nan wuyana na dama yana ciwo, ba na iya waiwaye sosai. Mai gashin ƙashi ba ta faɗin irin wannan, sai ta haɗiyi magani ta yi shiru. Ban gaya wa Fa'iza ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta zauna a wajen ƙafafuna, ta kama dunduniyata ta hagu, ta kafa babban yatsa, ta tura gefe har ya cije, ta tsaya. Tambayar ta taso min har bakin haƙora, na cije gefen zani. Sai na ji gunagunin nan a maƙogwaronta, naki sak, kuma na tabbata ba ta san tana yi ba.

Can ta yi magana, a hankali kamar mai ba da hadda. "Ta ce wuyan dama ne. Ta ce tun zaman makokin babanki ta ga in an kira ki, da dukan jiki kike juyowa. Ta ce a fara miki daga dunduniyar hagu, kuma kada a yi miki sauri, don ke ba kya saki da wuri."

Ashe ranar nan da kika zauna a gefena har magariba hannuwanki a cinya, duba ni kike. Shekara shida kina ɗauke da ciwon wuyana a ranki, kin san inda za a kama, kika gwammace ki aiko min da shi ta hannun wata bayan ranki. Na yi kuka a tabarmar nan har Fa'iza ta ɗaga hannu ta jira ni. Har yanzu ina ganin kin cuce ni kin cuci kanki, kuma har yanzu na san ni na fara. Wuyan bai warke ba, kada wani ya ɗauki wannan ya ƙara masa gishiri. Ya yi sauƙi kwana biyu ya dawo. Amma abin da ya kamata in koma rediyo in faɗa tun shekara goma sha huɗu, ga shi a rubuce don kowa ya gani: Delu ba ta taɓa nakasa kowa ba. Ni na ce ta yi, kuma ƙarya na yi.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo Delu. Ya gafarta miki taurin kanki, ya gafarta min nawa. Ya sa duk ƙugun da kika miƙar, da duk mai jegon da kika tayar, da duk kwanon kunun da kika miƙa wa wadda ta sauke kaya a ƙofarki, su yi nauyi a mizaninki. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa Bashir da ƙannensa ta'aziyya, da matansu da jikokinki, da dukan zuriyar Malam Sadiƙu a Limancin Kona da Kusfa, da matan ƙauyen da ba su taɓa juya miki baya ba, da Fa'iza, wadda ta fi mu rashi ta kuma fi mu gado. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Na yafe miki shekarun nan goma sha huɗu, ko da yake ba ki nema ba, kuma na san da kina nan cewa za ki yi ba ki ga abin yafewa ba. Saura zama shida, Gwaggo. Jibi zan koma, kuma ban ce me ya sa ba.